Tsohon man suya a injin dizal

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwana masu injin niƙa da tsadar dizal ta sa suka koma zuba man da aka gama suyar ƙosai da shi. Abin yana yiwuwa, domin tun 1900 aka nuna injin dizal mai aiki da man gyaɗa a baje kolin birnin Paris. Sai dai man suya ya fi dizal kauri, ga ruwa da guntun ƙullu a ciki. Ni da na zuba ba tacewa, nozul ɗina, wato bakin da ke fesa mai a cikin inji, ya toshe. Yanzu sai na bar man ya kwanta, na tace, na ɗumama. Da dizal nake tada inji, da shi kuma nake kashewa. Motocin zamani kam kada a gwada.

Wani mai injin niƙa,
Kano