Yadda jam'iyyar Meciar ta tashi ta kuma mutu a Silobakiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana kan jam'iyyun da ke hawa mulki da sunan talaka a ƙasashen da suka fito daga kwaminisanci. Masu sharhi kan ce jama'a ne ke gajiya da su. Abin da ya faru a Silobakiya ya nuna lamarin ya fi haka zurfi.

Vladimir Meciar ya kafa jam'iyyar HZDS a 1991. A zaɓen 1992 ta samu kashi 37 cikin ɗari, kujeru 74 daga cikin 150, ya zama firaminista, kuma shi ya jagoranci rabuwar Silobakiya da Cek a ranar 1 ga Janairu 1993. Masana'antu na rufewa, ma'aikata da tsofaffin karkara na cikin fargaba, shi kuwa ya yi musu alkawarin kariya. Sai aka riƙa sayar wa makusantansa kamfanonin gwamnati a kan farashi mai rahusa, har da babban kamfanin ƙarafa na Koshitse. A 1995 aka sace ɗan shugaban ƙasa Michal Kovac aka kai shi Ostiriya, daga baya Meciar ya yi wa masu hannu afuwa. A 1997 NATO ta gayyaci maƙwabta uku su shiga cikinta, ta bar Silobakiya a baya.

Wurin da ya kamata a tsaya a duba shi ne zaɓen 1998. Gwamnati ta sauya dokar zaɓe, ta ce kowace jam'iyya a cikin ƙawance sai ta samu kashi 5 ita kaɗai, don a tarwatsa 'yan adawa. Su kuma suka narke suka zama jam'iyya guda, SDK. Dabara ta koma kan mai ita. Kashi 84 na masu zaɓe suka fito. HZDS ta zo ta ɗaya da kashi 27, amma ta rasa isassun abokan kafa gwamnati, Mikulas Dzurinda na SDK ya zama firaminista. Da kwangila da muƙamai suka kuɓuce, manyanta suka fara zamewa. HZDS ta samu kashi 19.5 a 2002, 8.8 a 2006, sannan 4.3 a 2010, ba ta ma shiga majalisa ba.

Amma magoya bayanta ba su ɓace ba, gida suka sauya. Da yawansu sun koma jam'iyyar Smer ta Robert Fico, wadda ta lashe kujeru 83 a 2012. Kisan ɗan jarida Jan Kuciak ya tilasta wa Fico murabus daga kujerar firaminista a 2018, wasu suka ce ya gama yawo. A 2023 ya sake zama firaminista.

Na gode.

Naku,
Mai bibiyar siyasar Turai