Baltimore ta tara masu bugu, ta shiga kaka babu masu jifa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan shafin wasanni, ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan ƙwallon besbol ta Amurka, musamman watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A wannan tsakanin ba a buga wasa, amma a nan ne ake yanke shawarar da za ta ɗaga ƙungiya ko ta kayar da ita. Duk shekara mujallar Baseball America da shafin MLB Pipeline kan fitar da jerin matasa 100 da suka fi tashe, sai masu ba da labari su ƙirga sunaye su ce ƙungiya kaza ce ke da gobe tunda ta fi kowa yawan yara a ciki. Ranka ya daɗe, wannan lissafi yana da gyara, kuma abin da ya sami Baltimore Orioles daga 2023 zuwa 2025 ya isa shaida.

Sai a fara da yadda ake auna yaro. Masu farautar 'yan wasa suna ba da maki daga 20 zuwa 80. Maki 50 shi ne matsakaicin ɗan wasan babbar gasa ta MLB, 60 ya fi matsakaici, 70 gwani ne, 80 kuwa ba kasafai ake bayarwa ba. Ga mai bugu, abu biyar ake duba: iya haɗa sanda da ƙwallo, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili, da ƙarfin hannu wajen jifa. Ga mai jifa, kowane irin jifa da makinsa, mai sauri da mai lanƙwasa da mai yaudarar gudu, sannan a ba shi maki kan iya saka ƙwallo inda ya nufa. Abin da mai karatu ya kamata ya riƙe shi ne, yawancin makin nan hasashen abin da yaron zai zama ne bayan shekara uku ko huɗu, ba abin da yake a yau ba.

Kafin ya kai babbar gasa, sai ya hau matakai huɗu na ƙananan gasanni, daga Single-A zuwa High-A, zuwa Double-A, zuwa Triple-A. A mataki na uku ake tankaɗe da rairaya, domin a nan masu jifa suka fara iya jefa mai lanƙwasa a lokacin da mai bugu ke jiran mai sauri. Don haka idan aka ce yaro ya yi bajinta, tambaya ta farko ita ce shekarunsa nawa kuma a wane mataki. Ɗan shekara 19 da ke riƙe kansa a Double-A ya fi ɗan shekara 24 da ke ragargazar yara a Single-A nesa ba kusa ba. Tambaya ta biyu, sau nawa ake fitar da shi da jifa uku? Wanda ake fitarwa kusan sau ɗaya cikin kowane zuwa uku tun yana ƙasa, to a sama abin zai ƙaru ne, ba zai ragu ba.

Ko wanda ya tsallake duk waɗannan yana iya yin tuntuɓe. Jackson Holliday shi Baltimore ta ɗauka na farko a zaɓen matasa na 2022, kuma farkon 2024 shi ne na ɗaya a jerin matasan besbol baki ɗaya. An hawo da shi ranar 10 ga Afrilu yana da shekara 20. A zuwa 34 na farko, sau 2 kawai ya buga ya tsira, an fitar da shi da jifa uku sau 18, kafin wata ya ƙare aka mayar da shi Norfolk, ƙungiyar Baltimore ta matakin Triple-A. Wannan bai nuna yaron ba shi da kyau ba, domin ya dawo ya zama ɗan wasan yau da kullum a 2025. Abin da ya nuna shi ne ba a ɗora nauyin kakar bana a kan wanda lokacinsa bai yi ba.

Baltimore ta yi aikin tara yara yadda ya kamata, wannan babu musu. Mike Elias ya karɓi ragamar tsara ƙungiyar a Nuwamba 2018 bayan ya baro Houston. A 2019 ya ɗauki Adley Rutschman na farko, ya samu Gunnar Henderson a zagaye na biyu. Sai Heston Kjerstad da Jordan Westburg a 2020, Colton Cowser a 2021, Holliday a 2022. Ƙungiyar da ta sha kashi sau 110 a 2021 ta ci wasa 101 a 2023, Henderson kuma ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa. Amma a sake duba sunayen: dukansu masu bugu ne. Daga 2019 zuwa 2025, Elias bai kashe zaɓen zagayen farko a kan mai jifa ba. Grayson Rodriguez da DL Hall, manyan matasan masu jifa da ƙungiyar ke tunƙaho da su, shugabannin da suka gabace shi ne suka ɗauko su.

Akwai hujja a wannan tsari, kuma ba ƙarama ba ce. Gwiwar hannun mai jifa tana tsinkewa, aikin da ake yi mata wanda ake kira da sunan Tommy John yana cin wata 12 zuwa 18 kafin mutum ya dawo. Mai bugu ya fi sauƙin hasashe. To amma tsarin yana da rabi na biyu: idan ka tara masu bugu fiye da guraben da ke fili, dole ka sayar da rarar ka sayo masu jifa tun farashin yaran yana sama. Wurin tsayuwa tara ne kacal a jerin masu bugu.

Dokokin rajista ma ba sa barin mutum ya yi ta ajiya. Ƙungiya tana da rajistar mutum 40, daga ciki 26 ke buga wasa. Yaron da aka sa wa hannu yana da shekara 18 ko ƙasa, dole a shigar da shi cikin 40 ɗin bayan kaka biyar; wanda ya kai 19 ko fiye, bayan kaka huɗu. In ba haka ba, a zaɓen da ake kira Doka ta 5 a watan Disamba wata ƙungiya na iya ɗauke shi da dala 100,000, da sharaɗin ta riƙe shi cikin 26 ɗinta duk kakar, ko ta mayar da shi a kan dala 50,000. Ita kanta Baltimore ta wannan ƙofa ta samo Anthony Santander daga Cleveland a Disamba 2016. Sannan wanda ya shiga 40 ɗin, shekara uku ne ake da damar sauke shi ƙaramar gasa ba tare da an buɗe wa sauran ƙungiyoyi ƙofar ɗaukarsa ba. Duk shekarar da yaro ya yi yana kai da kawowa tsakanin Norfolk da benci a Baltimore, ɗaya ta tafi, darajarsa a kasuwa kuma ta ragu. Kjerstad, wanda aka ɗauka na biyu a 2020, haka ya yi ta fama da rashin gurbi na dindindin.

Agogo na biyu shi ne na kuɗi. Kwana 172 a babbar gasa shi ne shekara ɗaya ta aiki. Shekara uku na farko ɗan wasa yana karɓar kusan mafi ƙarancin albashi, wanda a 2025 ya kasance dala 760,000. Daga nan ya shiga shekarun sasanta albashi gaban masu hukunci, bayan shekara shida kuma ya zama mai 'yancin tafiya inda ya ga dama. Rutschman ya fara a Mayu 2022, Henderson a ƙarshen Agusta na wannan shekarar. Ma'ana shekarun da taurarin nan suke da arha ƙidayayyu ne, kuma a cikinsu ne ya kamata a zuba kuɗin da aka rage a kan masu jifa.

Kafin kakar 2025, sau ɗaya Elias ya yi hakan da gaske, kuma ya ga amfaninsa. A Fabrairu 2024 ya ba Milwaukee Joey Ortiz da DL Hall da zaɓe guda, ya karɓo Corbin Burnes wanda shekara ɗaya ta rage masa a kwantiragi. Burnes ya fara wasa 32, ya jefa zango 194 da ɗoriya (kowane wasa an raba shi zango tara), matsakaicin makin da aka ci a kansa cikin zango tara bai kai 3 ba. A wasan farko na zagayen kifa ɗaya ƙwala da Kansas City, maki ɗaya tak aka ci a kansa, masu bugun ne suka kasa, aka tashi 1 da 0.

Sai sanyin 2024 ya zo, kuma a nan ne nake ganin an yi sakaci. Lissafin ba shi da wuya. Wasa 162 sau zango 9 ya ba da zango 1,458 a kaka. Ƙungiyar da ke neman kofi tana son masu fara wasa su ɗauke mata kusan 850 zuwa 900, sauran a bar wa masu karɓar canji. To wa zai jefa su? Burnes ya tafi Arizona kan dala miliyan 210 na shekara shida, ya tafi da zango 194. An yi wa Kyle Bradish aikin gwiwar hannu a Yuni 2024, kowa ya san ba zai dawo ba sai ƙarshen kaka. John Means ma an yi masa a wannan watan, karo na biyu. Rodriguez bai taɓa wuce zango 122 a babbar gasa ba, kuma ya ƙare 2024 da rauni. Raunukan nan da ƙarewar kwantiragin Burnes duk sanannu ne tun Nuwamba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da aka kawo shi ne Charlie Morton mai shekara 41 kan dala miliyan 15 na shekara ɗaya, da Tomoyuki Sugano mai shekara 35 daga Yomiuri Giants ta Japan kan miliyan 13. Kwantiragin da ya fi tsawo, shekara uku kan miliyan 49.5, mai bugu aka ba, Tyler O'Neill, wanda tarihin rauninsa ba ɓoyayye ba ne. Wannan kuwa a lokacin da ƙungiyar ta riga ta samu sabon mai ita, David Rubenstein, tun Maris 2024.

A Disambar 2024, abokan hamayyarta biyu na rukuni ɗaya sun nuna hanyoyi biyu da ke buɗe. New York Yankees ta bi ta kuɗi, ta ba Max Fried dala miliyan 218 na shekara takwas. Boston ta bi ta yara, ta miƙa wa Chicago White Sox matasa huɗu, ciki har da Kyle Teel da Braden Montgomery, ta karɓo Garrett Crochet. Crochet ya jefa zango sama da 200 a 2025, ya fi kowa fitar da masu bugu da jifa uku, ya zo na biyu a kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Rumbun Baltimore yana da irin kayan da za a iya yin wannan ciniki da su. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, balle akurkin da kajinsa suka yi wa juna yawa.

Sakamakon bai ɓata lokaci ba. Ranar 20 ga Afrilu 2025 Cincinnati ta lallasa Baltimore 24 da 2 a wasan da Morton ya fara. Rodriguez bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba duk kakar. Ranar 17 ga Mayu, da nasara 15 da rashin nasara 28, aka sallami koci Brandon Hyde, mutumin da ba shi ya tsara jerin masu jifan ba. An ƙare da 75 da 87, a ƙasan rukuni.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Burnes ɗin da aka bari ya tafi, shi ma gwiwar hannunsa ta tsinke a Yuni 2025. Santander, wanda ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 44 a 2024 ya koma Toronto kan dala miliyan 92.5, rauni ya cinye masa kakar. Ƙin biyan waɗannan biyun ba laifi ba ne. Laifin shi ne rashin cike gurbin Burnes da wani mai nauyinsa. Haka nan cinikin Yuli 2024, da aka ba Miami Kyle Stowers da Connor Norby aka karɓo Trevor Rogers, ya sha zagi da farko domin Rogers ya kasa har aka sauke shi Norfolk. Shekara na zagayowa Stowers ya shiga wasan taurari a matsayin ɗan wasan Miami, Rogers kuma ya zama mafi kyawun mai jifa a Baltimore, matsakaicin makin da ake ci a kansa bai kai 2 ba. Cinikin yara ba a yanke masa hukunci a wata biyu, kuma wannan ya nuna ana iya rabuwa da yaro mai kyau ba tare da an yi asara ba.

Roƙona ga shafinku, ranka ya daɗe, idan sanyi ya zo aka fitar da jerin matasa, kada a tsaya kan yawan sunaye. A faɗa wa mai karatu nawa ne masu jifa a ciki, nawa suka taɓa Double-A, nawa ne dole a shigar cikin 40 kafin wa'adin Nuwamba, kuma wane gurbi ne babu kowa a gabansu. Sannan a ƙirga zangon da masu fara wasan ƙungiyar suka jefa bara, a cire na waɗanda suka tafi da na waɗanda ke jinya, a ga nawa ya rage daga 850. Game da Baltimore, a sa ido kan Samuel Basallo, matashin mai cafke jifa ɗan Jamhuriyar Dominika da aka ba kwantiragin shekara takwas kan dala miliyan 67 a Agusta 2025, kwanaki kaɗan bayan wasansa na farko. Gurbinsa ɗaya da Rutschman, wanda kwantiraginsa ke ƙarewa bayan kakar 2027.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai bibiyar shafin wasanni