Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Ɗaukar Hoton Biki

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, manyanmu da ƙannenmu.

Zan fara da maganar kuɗi, domin duk aikin da ya tsaya mana a bana, nan ya tsaya. Kuɗin wata-wata bai shigo yadda muka tsara ba. Waɗanda suka biya a kan kari ba su da yawa, kuma su ne dai na bara. Wasu sai da aka kira su, aka sake kira, aka yi ta tuni a zaurenmu na WhatsApp, sannan suka kawo rabi. Akwai waɗanda tun farkon shekara ba su kawo komai ba. Na san uzurin da ake bayarwa: akwai watannin da aiki ke ja baya, masu biki kuma suna riƙe cikon kuɗi sai albam ya fito. Gaskiya ne, amma waɗanda suka biya su ma wannan halin suke ciki. Aikin sa kai nake yi, ina da nawa bukukuwan da hotunan da ke jiran gyara, kuma bin mutum bashin abin da shi da kansa ya ɗaga hannu ya amince da shi abu ne mai cin rai.

Saboda haka ne ba a sayi akwatin busar da kayan aiki ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci, to ba haka ba ne. Mun nemo irin wanda ya dace, mai ɗaukar kyamarori da gilasai na mutane da yawa, mai nuna yawan laimar da ke cikinsa. Abin da ke asusu bai kai ba, kuma ba mu yarda mu sayi ƙarami don kawai a ce an yi wani abu ba. Wanda bai ga amfanin akwatin ba ya tuna inda muke aiki. A ƙasashe masu zafi da ruwan sama, laimar iska takan wuce kashi 80 cikin 100 a damina, alhali kayanmu sun fi son kashi 40 zuwa 50. Da zarar ta daɗe sama da kashi 60, a cikin jaka mai duhu da iska ba ta shiga, fumfuna ta samu wurin zama a cikin gilashin kyamara. Idan ta jima har ta ci fentin da ke kan gilashin, goge ta ba ya mayar da shi yadda yake. Kuɗin gyaran gilashi ɗaya mai kyau ya fi kuɗin watannin da ake gudun biya.

Takardar yarjejeniya da masu biki ita ma ba ta kammala ba. An rubuta daftarin, ya ƙunshi kafin alƙalami, ranar miƙa hotuna, abin da za a yi idan ruwa ya hana ɗaukar hoto a waje, da wanda ke da ikon wallafa hotunan. Saura lauya ya duba, shi kuma ba kyauta zai yi ba. Haka asusun agaji: lokacin da ruwa ya jiƙa kyamarar ɗaya daga cikinmu ana tsakiyar aiki, abin da muka iya ba shi bai taka kara ya karya ba, sai da wasu suka haɗa masa daga aljihunsu. Allah ya saka musu da alheri.

An yi tarurrukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da waɗanda rashin cikar mutane ya sa aka ɗage.

Abin da ya faranta mana rai a bana shi ne ranar koyon aiki. Tun da safe aka fara da gwajin da kowa ya gani da idonsa. An ajiye kyamara a ɗaki mai na'urar sanyi, aka fito da ita waje kai tsaye, nan take gilashin ya yi raɓa, hoto ya dushe. Ta biyu kuma an sa ta a leda an ɗaure tun a cikin ɗakin, aka bar ta a waje ta ɗauki ɗumin iska kafin a buɗe, ta fito garau. Duk wanda ya taɓa bin amarya daga ɗakin kwalliya mai sanyi zuwa fili ya san me wannan ke nufi, domin fitowarta ba a maimaita ta.

Daga nan babban yayanmu a wannan sana'a ya ce kowa ya ciro gilashinsa. Ya cire murfin gaba da na baya, ya haska fitilar waya ta ciki, ya ɗaga sama. A gilashin wani matashi aka ga fararen zare sun bazu daga gefe kamar saƙar gizo-gizo, shi kuwa bai taɓa lura ba, yana ta zargin kyamararsa da rashin kaifi. An nuna yadda ake amfani da silika, ƙananan ƙwayoyin nan masu shan laima, a akwati mai rufuwa sosai, da yadda mai launin ruwan lemo ke komawa kore idan ta sha laima, sai a busar da ita a sake amfani da ita. An kuma ja kunne kan barin kaya a jakar da ruwa ya taɓa har gari ya waye.

Da rana ta take aka fita fili da gangan. Mu da ke kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, rana takan tsaya mana a tsakiyar ka, ta zuba inuwa a ƙarƙashin ido da hanci, farin tufafi ya ƙone a hoto, fuska kuma ta yi duhu. An gwada mayar da mutum inuwa, an gwada allon mayar da haske, an gwada cike inuwar da filasha. Nan ne da yawa suka gane dalilin da filasha ke ba su matsala a rana: yawancin kyamarori, ko Canon ko Nikon ko Sony, ba sa daidaita da ita a gudun ɗaukar hoto da ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa sai an kunna tsarin da aka yi don haka. Wata 'yar uwarmu ta nuna yadda take auna haske daga fuska, ta ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don ta ceto farin kaya wajen gyara. Hotunan da ta nuna sun sa an yi mata tafi.

Da yamma aka jira faɗuwar rana. A yankinmu hasken nan mai laushi ba ya daɗewa, bayan rana ta faɗi ba a cika rabin awa ba duhu ya shigo. Darasin shi ne a tsara da ango da amarya tun kafin ranar, a ware musu wannan ɗan lokacin, kada a tsaya neman wuri rana tana tafiya. An rufe da maganar ajiyar hotuna: kwafi 3, a kan na'urori iri 2, ɗaya a wani wuri dabam, kuma mai kyamarar da ke cin katin memori biyu ya riƙa rubutawa a duka biyun. An taɓo lafiyar jiki ma, abin da ba mu cika magana a kai ba. Mutum ya wuni a tsaye cikin zafi da kaya a wuya, ya manta da shan ruwa, ya koma gida ya kwana gaban kwamfuta. An ba da shawarar riƙe ruwa da rigar canji, da kuma kada a bar batir ko kyamara a mota a rufe cikin rana. Muna godiya ga waɗanda suka ba da wuri da kayan aikinsu kyauta, domin ba da kuɗin asusu aka yi wannan rana ba.

Abin takaici, waɗanda suka fi bukatar wannan horon ba su zo ba. Bayan kwana kaɗan sai ga su a zaure suna tambayar abubuwan da aka wuni ana bayani a kai. Akwai waɗanda ba a jin ɗuriyarsu sai suna neman aron gilashi, ko mai taya su ɗauka a babban biki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutanen da ke ɗauke da ƙungiyar nan sun fara gajiya.

Kwamiti ya yanke cewa daga yanzu wanda ake bi kuɗin wata-wata ba zai ari kayan ƙungiya ba, kuma ba za a tura masa aiki ta zaure ba sai ya biya. Wanda yake cikin matsi na gaskiya ya same ni ni kaɗai, za mu tsara yadda zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, ba wanda zai ji. A taro mai zuwa za a karanta abin da ke asusu dalla-dalla, a tsayar da ranar sayen akwatin. Kowa ya zo da gilasansa, za a sake duba su kafin damina ta kankama.

Ma'ajin ƙungiya