Edita, Haiti ba girgizar kasa da bindiga kadai ba ce

Ranka ya dade Edita, gaisuwa da fatan alheri. Na dade ina karanta jaridarku daga nan Mayami a kasar Amurka, abu daya ke damuna, duk sanda sunan Haiti ya fito a shafin labaran waje to ko dai girgizar kasar 12 ga Janairu 2010 ake tunawa ko 'yan bindigan da suka addabi Port-au-Prince babban birnin kasar, shikenan. Ba karya kuke fada ba, amma akwai wata fuskar mutanen nan da nake gani da idona a unguwar da ake kira Little Haiti, wato karamar Haiti, kuma ina so masu karatu su ma su san ta.

Unguwar da can Lemon City ake ce mata, 'yan Haiti da suka gudo daga mulkin kama-karya na gidan Duvalier suka cika ta, wasu a kananan jiragen ruwa suka iso, kuma sai a 2016 hukumar birni ta amince da sunan a hukumance bayan an sha ja-in-ja. Abinda ya rike unguwar nan wallahi ba gwamnati ba ce, kananan kungiyoyi ne da mutane 'yan tsiraru masu naci. Akwai wani shagon littattafai, Libreri Mapou, fiye da shekara 30 yana nan, in ka shiga littattafan Kiriyol da na Faransanci ne jere har sama, ga zane-zane a bango, ga dattawa na hira kamar a zaure. Mai shagon, marubuci Jan Mapou, a 1969 an kulle shi a kurkukun Fort Dimanche saboda fafutukar harshen Kiriyol, harshen da kowa ke magana da shi a kasar amma manya suka raina, sai tsarin mulkin 1987 ya maida shi harshen hukuma tare da Faransanci. Kungiyar su Mapou sunanta Sosyete Koukouy, koukouy din shine dan kwaron nan mai walkiya da daddare, suna wasan kwaikwayo da waka da rawa duk da yarensu. Mutumin da aka daure saboda harshen uwarsa ya zo kasar wasu ya bude masa shago, ni dai wannan kadai ya isa a rubuta shafi guda akai.

Kusa da shagon akwai cibiyar al'adu ta Little Haiti Cultural Complex, da kasuwar da aka gina da siffar kasuwar karfe ta Port-au-Prince mai launi kala-kala. Wata ranar Asabar na leka na tarar ana koya wa yara rawa, mai ganga na dukan fata da tafin hannu, wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba tana ta kuskuren taku, kakarta na gefe tana gyara mata da Kiriyol ita kuma tana amsawa da Turanci, har dai a karshe ta kama takun, tsohuwar ta share hawaye da bakin dankwali. Yaran nan da yawansu ba su taba taka Haiti ba, kuma yadda abubuwa suke yanzu ba ranar zuwa, toh wannan dakin shine Haitin da suka sani. Haka ranar 18 ga Mayu ranar tutarsu, ko 1 ga Janairu da suke dafa miyar kabewa ta joumou don tuna 'yancin 1804, wadda UNESCO ta saka cikin kayan gadon duniya a 2021, kidan konpa ko ta ina.

Abinda ke daga min hankali shine haya. Unguwar tana kan tudu idan aka kwatanta da bakin teku, yanzu da ruwan teku ke ta barazanar cin bakin gabar sai masu kudi suka farga da ita, ana saye ana rushewa ana ginawa. A 2019 hukumar birni ta amince da wani katon aikin gine-gine a unguwar, masu aikin suka yi alkawarin dala miliyan 31 ga asusun raya ta, kungiyoyi irin su FANM mai kare hakkin 'yan Haiti ta Marleine Bastien suka yi ta kokawa cewa talakawa ne za a kora. Ni kaina na san wani tela da ke dinka kayan rawa, an kara masa kudin shago ya tattara kekensa ya koma arewacin gari, yanzu masu rawa sai sun hau mota kafin su same shi. Mai zane na bukatar bango, mai ganga na bukatar dakin da makwabta ba za su kira 'yan sanda ba, idan iyayen suka watse su wa za su kawo yaran ranar Asabar?

Don Allah Edita ku sa wakilinku ya nemi wadannan kungiyoyi ya ji ta bakinsu, ko ta waya ce, ku buga mana da Hausa.

Naku mai karatu,
daga Mayami