Jan da ke cikin saiwar ful da jan da ke cikin jinin yaro

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi wa 'yan'uwa manoman Jazira da Sinnar a Sudan bayani kan abu biyu da ba a cika haɗa su ba, alhali ful guda ne ya haɗa su, wato babban waken nan mai faɗi da ake kira faba: takin da saiwarsa ke yi, da ciwon jinin da cinsa ke tayar wa wasu mutane.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da manomi ke saye da tsada a buhun yuriya. Dawa da alkama ba sa iya ɗibarsa daga iska. Ful da gyaɗa da wake suna iyawa, saboda wata bakteriya mai suna raizobiyam da ke shiga saiwarsu ta yi 'yan ƙuraje, tana mayar da iska taki, shukar kuma tana ciyar da ita.

Ganin ƙurajen kaɗai bai isa ba. Mako 4 zuwa 6 bayan shuka, a haƙo tushe biyar daga wurare daban-daban na hawasha, wato gona. A haƙo da fartanya, kada a fizgo, don ƙurajen za su tsinke su zauna a ƙasa. A wanke, a tsaga ƙurji da reza. In cikinsa ja ne ko ruwan hoda, aiki yana tafiya. In fari ne, ko dai bai nuna ba tukuna ko bakteriyar ba ta da amfani. In ya koma kore, ya gama. Wannan jan ɗan'uwan sinadarin da ke sa jininmu ja ne. Aikinsa riƙe iskar oksijin, domin oksijin yana lalata abin da bakteriyar ke sarrafa takin da shi.

Inda ƙurajen suka yi ƙaranci, akan shafa wa iri garin raizobiyam, kuma a nan ake yawan kuskure. Kowane amfani da nasa: na ful ba zai yi wa gyaɗa aiki ba. A narka sukari gram 100 a ruwa lita ɗaya, ko a jiƙa ƙaro, tun da Allah ya hore mana shi a ƙasar nan. A yayyafa wa irin har ya yi danshi kawai, a barbaɗa garin gwargwadon awon da ke jikin fakiti, a cakuɗa, a shanya a inuwa, a shuka a ranar. Abu ne mai rai. Fakitin da ya yini a rana a bayan mota ya mutu, ko da kwanan da ke jikinsa bai wuce ba. Wasu magungunan gyaran iri ma suna kashe shi. Sai kuma yuriya: in aka zuba da yawa, shukar ta ƙoshi, ba ta ƙara ciyar da bakteriyar, manomi ya biya kuɗi ya kashe takin kyauta. Takin fosfet ne ya fi dacewa. A kula da ban ruwa, domin laƙar Jazira tana riƙe ruwa, kuma saiwar da ta daɗe cikin ruwa ƙurajenta kan shaƙe.

Ɗaya batun ya fi damun mu. Jajayen ƙwayoyin jini sukan rayu kimanin kwana 120 suna dakon oksijin, kuma garkuwarsu daga ƙunarsa ta dogara da wani sinadari da likitoci ke kira G6PD. Akwai waɗanda aka haifa da ƙarancinsa. Gado ne ta wajen uwa ga ɗa namiji, shi ya sa ya fi bayyana ga maza. A cikin ful akwai sinadarai biyu, bisin da kombisin, da ke ƙona ƙwayoyin jinin irin waɗannan mutane har su farfashe. Dafuwa ba ta kawar da su, ko da ful ya kwana a kan wuta, ɗanyensa kuma ya fi haɗari. Uwa mai shayarwa ma tana iya miƙa wa jariri ta nono.

Alamun sukan zo cikin kwana ɗaya ko biyu bayan an ci: fitsari kamar baƙin shayi, ido ya yi rawaya, tafin hannu ya yi fari, yaro ya galabaita yana haki. Don Allah, iyaye, kada a ce shawara ce a tsaya jiƙa saiwoyi. A kai shi asibiti a ranar, a faɗa wa likita ya ci ful. Wani sai an ƙara masa jini. Gwajin da aka yi a tsakiyar ciwon yana iya nuna lafiya lau, don sabbin ƙwayoyi sun fi tsofaffi sinadarin, saboda haka a maimaita bayan wata 3.

Ba muna cewa a daina ful ba ne. Shi ne fatur, wato karin kumallon yawancin gidajenmu, kuma akasarin mutane ba ya yi musu komai. Wanda aka tabbatar yana da larurar ne zai bar shi har abada, ya nisanci farin ƙwallon kafur na akwatin tufafi, kada a sa masa lalle in jariri ne, ya kuma sanar da likita kafin a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro na firimakwin. Wake da gyaɗa da adas, wato ƙananan waken nan masu faɗi, zai ci abinsa.

Wassalam.

Wasu malaman gona da ma'aikatan lafiya,
Mai Wurno, jihar Sinnar, Sudan