Godiya ga masaukin da ya kashe mana fitila a Gembu

Assalamu alaikum. Wannan takarda zuwa ga mai ɗan masaukin baƙin da muka sauka a Gembu ce, musamman ga dattijon da ke gadin ƙofarsa, wanda duk gidan ke kira Baba.

Sana'ata ɗaukar hoton biki, amma abin da ke raina hoton taurari ne. A Kano hazo da fitilu sun cinye sama, shi ya sa ni da ƙanena muka kama hanyar Mambila ta Bali da Serti, muka hau wannan kwana-kwanar dutse da ke sa mutum salati, don mu riski daren 13 ga Disamba, lokacin da taurari ke zuba kamar ana watsa garwashi. Garin yana bisa tudu mai tsayi, iskarsa garau.

Na zo ne da fargaba. A wani otal can baya, da na kafa kamara a tsakar gida da dare, sai da aka tara min jama'a, wai me nake leƙe. Wani wurin kuma aka ce ƙarfe goma ake kulle ƙofa, in na fita in kwana can.

Baba kuwa bai ce komai ba sai, "Ɗana, fitilar nan ba ta dame ka ba?" Ya je ya kashe babban ƙwan tsakar gida, ya zauna da tocilarsa a aljihu. Kowane hoto sai kamara ta yi daƙiƙa 20 a buɗe, haske kaɗan ya ɓata shi, kuma bai taɓa haska mu ba. Wajen ƙarfe ɗaya raɓa ta lulluɓe gilashin kamara, sanyi ya shanye batir. Sai ga shi da kaskon wuta da shayi mai zafi. Ya nuna min kaza da 'ya'yanta ta karkata yamma, ya ce da ita yake gane dare ya raba.

Ɗaki da ruwan wanka, babu abin kushewa.

Abin da ke ba ni haushi, manyan otal masu karɓar kuɗi kamar na hayar shekara, ko kujera ka roƙa sai an ce manaja ba ya nan. Baƙo a wurinsu lambar ɗaki ne kawai.

Baba, hoton da ka ce in wanko maka, wanda rufin ɗakin gadinka ya fito a ƙarƙashin taurari, na ba direban motar Gembu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.