Takardar Lafiya Ga Masu Tafiya Aikin Sa-Kai: Rashin Inshora Ba Shi Ne Cikas Ba

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan lafiya ne mazauna Legas. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin matasanmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago da ke samun gurbin aikin sa-kai a ƙetare, ko ta shirin Technical Aid Corps da gwamnatin tarayya ke tura ƙwararru da shi tun 1987, ko ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko Tarayyar Afirka, ko wata ƙungiyar agaji. Yaro ya yi ƙoƙari ya tsallake tantancewa, sai a turo masa fom ɗin lafiya da gajeren wa'adi. Da ya tuna ba shi da inshora sai gwiwarsa ta yi sanyi, wani ma ya haƙura da tafiyar. Wannan asara ce da ke damun mu, domin rashin inshora ba shi ke kayar da yawancinsu ba. Abin da ke cinye kuɗi da lokaci shi ne yin gwaje-gwajen a birkice, ko yin su a wurin da ba a amince da shi ba.

A sani cewa tsare-tsaren inshora da yawa an gina su ne don jinyar marar lafiya. Binciken lafiyayyen mutum saboda tafiya, sau da yawa mai inshorar ma daga aljihunsa yake biya. Duk da haka yin rajistar Ilera Eko, tsarin inshorar Jihar Legas, yana da amfani, domin idan bincike ya bankaɗo hawan jini ko ciwon suga, akwai inda za a jingina wajen magani. Sai dai kati ba ya fara aiki a ranar da aka biya, don haka a yi da wuri.

Kafin a kashe ko sisi, a rubuta wa ƙungiyar da ta ɗauki mutum tambayoyi uku. Shin tana mayar da kuɗin gwaji, kuma har nawa? Shin duk likita mai lasisi zai iya cike fom ɗin, ko sai asibitin da ta zaɓa? Kuma sakamakon wata nawa yake yi kafin ya daina aiki? A nemi amsar a rubuce. Tambaya ta biyu ita ce mai tsada. Wanda zai zauna a Birtaniya fiye da wata 6, alal misali, sai ya kawo shaidar gwajin tarin fuka daga cibiyar da ƙasar ta amince da ita, irin ta hukumar kula da ƙaura ta duniya (IOM) da ke Ikeja, kuma takardar wata 6 take yi. Hoton ƙirjin da aka ɗauka a wani wuri, ko da babban asibiti ne, ba za a karɓa ba, kuɗin ya tafi ke nan. A riƙa karɓar rasit mai ɗauke da sunan mutum yadda yake a fasfo, domin da shi ake neman a mayar da kuɗi.

Idan an bar wa mutum zaɓi, asibitocin gwamnati sun fi sauƙin kuɗi: asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja, Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Ebute Metta, ko manyan asibitocin Gbagada da Orile Agege. Akwai layi, sai an yi sammako. A fara ganin likita da fom ɗin a hannu, shi zai rubuta abin da ake buƙata kaɗai. Kada a shiga ɗakin gwaji a ce “a yi mini komai”, domin za a biya kuɗin abin da ba a nema ba, a bar wanda aka nema. Gwajin cutar ƙanjamau da na kaki don tarin fuka ana yin su kyauta a cibiyoyin gwamnati da yawa, amma a tabbatar ƙungiyar za ta karɓi sakamakon, kuma a sa masa hatimi.

Sai batun jeri, wanda a ganinmu shi ne zuciyar al'amarin. Ana farawa ne da abin da ya fi ɗaukar lokaci.

Ciwon hanta nau'in B ne kan gaba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, yawanci ba su sani ba. A yi gwajin jinin kafin allura, domin rigakafi ba ya amfanar wanda ya riga ya kamu. Wanda ba shi da cutar zai karɓi allura uku: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Idan lokaci ya ƙure akwai tsarin gaggawa, wato ranar farko, rana ta 7 da ta 21, sannan ƙari bayan shekara. Wanda kuma aka samu yana da ita, kada ya yanke ƙauna. Za a duba aikin hanta da yawan ƙwayar cutar a jini, likitan hanta ya rubuta rahoto, kuma hukuncin ya danganta da ƙasar da za a je da irin aikin. Wannan kaɗai kan ci makonni.

Tarin fuka ma yana da nasa tarkon. Gwajin fata ana karanta shi ne tsakanin awa 48 zuwa 72 bayan an yi allurar a hannu. Wanda aka yi masa ranar Alhamis ya dawo Litinin, ya ɓata, sai an sake. Da yawa daga cikinmu an yi mana allurar BCG, ta rigakafin tarin fuka, muna jarirai, kuma tana iya sa wurin ya kumbura ba tare da cuta ba. Gwajin jini na IGRA ba ya ruɗewa da BCG, amma ya fi tsada, don haka a tambaya ko hoton ƙirji ya wadatar. Idan hoton ya nuna tabo, za a nemi kaki, kuma renon ƙwayar cutar a ɗakin gwaji kan kai mako 8. Mace mai juna biyu, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin a ɗauki hoton.

Allurar rigakafin zazzaɓin shawara kuwa ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Katin nan mai ruwan ɗorawa, wato shaidar allurar, ana cike bayanansa a intanet, a biya kuɗin gwamnati, sannan a karɓa a ofishin lafiya na tashoshin shiga da fita, kamar wanda ke filin jirgin Murtala Muhammed. Allurar shawara da ta ƙyanda duka masu rai ne: ko a yi su rana ɗaya, ko a bar mako 4 tsakaninsu. Ta ƙyanda tana iya dusashe sakamakon gwajin fata na tarin fuka, saboda haka a yi gwajin tukuna. Ta sanƙarau, wadda alhazai suka sani, da ta shan inna, tetanas, taifot da haukan kare, sai a bi abin da fom ya nema. Duk mai tsohon katin rigakafi a gida, a Kano yake ko a Sakkwato, ya sa a turo masa hotonsa, zai rage masa kuɗi.

Ƙananan gwaje-gwajen su ke mayar da mutane baya ba gaira ba dalili. Mutum ya sha cunkoson Oshodi, ya ci goro, ya kora da lemon ƙara kuzari, ya hau bene da gudu, sai awo ya haura 140 bisa 90. A zauna a huta aƙalla minti 5 kafin awo, a bar goro, kofi da sigari tun safe. Idan ya ci gaba da hawa a ranaku daban-daban, to hawan jini ne, a fara magani. Ƙungiyoyi da yawa suna karɓar mai hawan jinin da ke kan magani idan awonsa ya daidaita. Gwajin suga yana buƙatar awa 8 zuwa 12 ba a ci komai ba sai ruwa, kuma shayin safe yana ɓata shi. Mace ta jinkirta gwajin fitsari har kwana biyu ko uku bayan al'ada, kada jini ya fito a sakamakon a shiga neman ciwon ƙoda da babu shi. Mai sikila ya gaya wa likita, domin gwajin suga na wata uku ba ya faɗin gaskiya a jininsa. Gwajin G6PD ma kada a raina shi, domin wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro suna fasa jinin wanda ke da ƙarancin wannan sinadari. Idan fom ya nemi haƙori, a je da wuri, cike rami da cire ruɓaɓɓe kan buƙaci zuwa fiye da sau ɗaya.

Akwai abu biyu da muke roƙon ƙannenmu don Allah su guje wa. Na farko, ɓoye cuta. Mai asma, farfaɗiya, gyambon ciki ko wanda ya taɓa shan maganin damuwa ya rubuta. Da wannan bayani ake zaɓar masa gari mai asibiti kusa. Idan ya ɓoye ciwon ya tashi a can, inshorar ƙungiyar tana iya ƙin biya, a sallamo shi. Na biyu, sayen takarda a hannun 'yan kamasho da ke shawagi a bakin asibitoci. Takarda ta gaskiya tana ɗauke da sunan likita, sa hannunsa, lambar rajistarsa ta hukumar likitoci ta Najeriya (MDCN), hatimin asibiti da kwanan wata, kuma ana bincikawa. Katin shawara na jabu ya fi muni, domin ya bar mutum ba kariya a gaban cuta mai kisa.

Kafin a bar ofishin likita a duba kowane layi na fom. Gurbi ɗaya da aka bari fanko, ko suna da ya saɓa da na fasfo, kamar Muhammad a nan Mohammed a can, ya isa a dawo da takardun. Mai shan magani kullum ya karɓi wasiƙar likita da ainihin sunan maganin, ya kuma bincika dokar ƙasar da zai je, domin irin su tiramadol da kodin suna jefa matafiyi cikin matsala a ƙasashe kamar Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Legas da ta sa manyan asibitoci su lissafa kuɗin binciken matafiya a dunƙule, su liƙa a bango kowa ya gani. Sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatanmu kuma su duba yiwuwar ranta wa waɗannan matasa kuɗin gwaji, tunda wasu ƙungiyoyin sai bayan an kai rasit suke mayarwa.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wasu ma'aikatan lafiya,
Agege, Legas.